Carbin Taga

Ranar da Zuwaira za ta tafi karatu Yawunde
ta miƙo mini gwangwanin madara,
an huda gindinsa da ƙusa wuri huɗu.
A ciki wani tsiro ne da ban san sunansa ba,
zare-zare, ƙwaya-ƙwaya, kore,
kamar carbin da ya tsinke bai zube ba.
Ta ce, "Baba, kada ka dame shi."
Na ɗauka wasa take.

Na rataye shi a tagar gabas da wayar rediyo.
Garwa ce, watan zafi,
lokacin da kwalta ke kama takalmi,
kadangare ma sai ya ɗaga ƙafa.
Na ce wa zai ga ɗan mutane a wannan rana ya hana shi sha?
Duk alwala sai in rage masa a buta.
Sau biyar a yini,
wani lokaci har da nafila.

Shekara talatin ina awon auduga a kamfani,
ina sanin nauyin buhu tun bai hau sikeli ba,
amma ban san awon ruwan da ke kisa ba.
Kwana ashirin, ƙwayoyin suka yi taɓo-taɓo,
gindin ya yi baƙi,
yana wari irin na tsumman da aka manta a bayan randa.

Inna Dudu mai busasshen kifi ce ta leƙo.
Ta soka yatsa a ƙasar, ta zaro, ta dube ni.
"Malam Gidado, ai nutsar da shi ka yi.
Wannan guzurinsa na cikinsa, kamar raƙumi."
Ta sa farce ta tsinke sili uku masu sauran rai,
ta aiki jikanta bakin Binuwai ya ɗebo yashi,
ta daka gawayi ta gauraya,
ta kwantar da su a kai kamar jarirai, ba ta binne ba.
"Hantsi kaɗai zai gani, ban da ranar tsaka.
Ruwa kuwa, sai ƙwayar ta yamushe kamar goshina.
Ka bari ya nema."

Bari ɗin ne aiki.
In wuce da buta a hannu, in kau da kai.
In ji hannuna yana ƙaiƙayi.

A makon nan ne na lura
Zuwaira ta daina ɗaga waya.
Safe ina kira, azahar ina kira, dare ina kira:
Kin ci? Kin kulle ƙofa? Wa ke magana a bayanki?
Na zauna a ƙarƙashin gwangwanin nan
na kifa wayar a kan tabarma.
Ban ce na gane kome ba.
Na dai kifa ta.

Kwana goma sha biyu, wani farin gashi ya leƙo daga sili guda
ya kama yashi.
Ranar Juma'a wayar ta yi ƙara da kanta.
"Baba, lafiya? Na ji ka shiru."
Na ce lafiya lau, tsironki na gaishe ki.

Yanzu damina ta biyu ke nan.
In hadari ya taso daga wajen Tingelin
sai in shigo da shi, kada feshi ya same shi.
Wani farin ƙwaro yakan ɓuya a tsakanin ƙwayoyin,
kamar ɓurɓushin auduga;
wannan kam sana'ata ce, da tsinke nake cire shi.
Silin da ya fi tsawo ya wuce dandamalin taga da taƙi biyu.
Kowace ƙwaya da ɗan tsagin haske a jikinta,
kamar idon mage da rana.

Jiya bayan la'asar na ƙirga su, ban taɓa ba.
Tamanin da ɗaya.
Sauran goma sha takwas ya cika carbi.
Butar na nan gefena, da ruwa a ciki.
Ba yau ba.